Azumin Nuru a Agege

Agege, Ikko
9 ga Maris, 1975

Zuwa ga taubashiyata Talatu, matar Hadi, a Surko.

Damina goma sha ɗaya ke nan rabona da gida, amma ban manta yadda ake gaisuwa ba. Ina gaishe ki, ina gaida Hadi da yara, da ƙaninsa Nuru, da duk wanda ya rage yana tuna sunana. Ni dai lafiya, sai bayan nan da buhunan siminti suka karya, shi ne ba ya barina in yi ruku'u yadda ya kamata. Ina fata tuwonki ya daina gudaji, ko da yake Hadi mutum ne mai haƙuri.

Na ji kina tambayar direbobi wai wane aiki nake yi yanzu. Na bar dako a Apapa. Ƙungiyar zumunta ta mutanen Birnin Kudu da Gwaram ta ba ni riƙon gidan saukar baƙi. Kada ki ji an ce ƙungiya ki zaci wani abin kirki ne. Ɗaki huɗu ne da rumfar kwano, muka kama haya wurin wata tsohuwa Bayarabiya kusa da tashar jirgi. Ran Juma'a kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Da shi muke ciyar da wanda ya sauka bai san kowa ba, mu nema masa gadi ko dako ko ɗaurin goro, mu karɓo wanda aka kama, mu binne wanda ya mutu. Binnewar ta fi yawa. Makon jiya muka ɗauko wani ɗan Wurno daga bakin ruwa, ƴan tasha sun fasa masa kai da rodi a kan layin ɗaukar kaya. Ni na wanke shi. Na yi ta neman inda zan kama in daidaita masa fuska, ban samu ba.

Saboda irin wannan ne waɗanda suka riga mu zuwa suka kafa ƙa'ida. Tunda a waje kowa nema yake ya ga bayanmu, to a cikin gida ba gaba. Duk wanda ya shigo zai zare wuƙarsa ya jefa a wata garwar kananzir da ke bakin ƙofa. Nan take in kawo akushi, ya sa hannu tare da waɗanda ke gidan. Ya haɗiye lomar nan, shi ke nan ya shiga amana. Ba a tambayarsa abin da ya koro shi daga gida, shi ma ba ya ɗaga wa ɗan gidan hannu, ko da shi ne ya kashe masa uba. Shugabanmu, Alhaji Ɗan'azumi mutumin Gwaram, yakan ce gabar gida ba ta haye gadar Jebba. Tun da aka kafa gidan ba a taɓa karya wannan ba, kuma da shi kaɗai muke tsaye a garin nan.

A watan jiya wani ya sauka, sunansa Sanda, shi ma daga ƙasar Gwaram, dogo, da sara a damtse wanda har ya fara ɗoyi. Na wanke da ruwan zafi da gishiri, na kai shi aka yi masa allura. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Manomin rani ne, tafinsa ya nuna. Yanzu yana ɗaurin goro, kuma shi ke ɗebo mini ruwa ba da na sa shi ba. In na ga yadda yake zuba ruwa a randa sai in tuna Hadi a bakin jigo.

Ki ce da Hadi in albasa ta yi bana ya aiko mini ko da ɗan ƙulli. Ta nan ruwa ce zalla, ba ta ko sa hawaye.

Naki,
Abdulsalami

*

Surko
2 ga Afrilu, 1975

Abdulsalami,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yara lafiya, ni ma da sauƙi. Ba zan rama maka wasan tuwo ba, ina cikin takaba.

Hadi ya rasu tun farkon Fabrairu. A lokacin na rubuta na ba wani direba, ashe bai kai maka ba. Sai in sake faɗa, ko da yake hannuna ba ya so.

Ka san ruwa ya ja baya shekarun nan. A fadamar kan iyaka, ramin da Hadi ya kafa jigo shi kaɗai ya rage da ruwa, mutanen tsallake kuma suka ce nasu ne tun kaka da kakanni. Aka yi ta cacar baki har dagatai suka raba, su da safe, mu da yamma. Ran nan Hadi ya je bayan azahar ya tarar mutumin bai saki jigo ba. Waɗanda ke nesa sun ce sun ga Hadi ya ɗaga lauje, ɗayan ya ɗaga fartanya. Ba zan ɓoye maka ba, Hadi ne ya fara sara. Amma shi a hannu ya sara. Mutumin kuwa a ƙeya ya same shi, sau biyu, na biyun yana ƙasa. A kan ƙyauren ɗaki aka kawo mini shi, bakinsa cike da ƙasar fangali.

Sunan mutumin Sanda. Dogo ne. Ƴan sanda sun je gidansu ba su same shi ba, an ce ya yi kudu.

To ka ga saran da ka wanke da ruwan gishiri. Laujen mijina ne ya yi shi. Ka ga kuma wanda ke ɗebo maka ruwa.

Da takardarka ta zo, don murna na tara yara da Nuru na karanta musu a fili, su ji akwai mai tuna mu. Ban san abin da ke gaba ba sai da bakina ya faɗe shi. Nuru ya saurara har ƙarshe. Sai daga baya ya ce in koma masa wurin garwa da akushi, na koma, ya ce in ƙara. Nuru ba wanda ka bari ba ne, magidanci ne yanzu da ƴaƴa biyu, kuma tun ranar jana'iza bai aske kansa ba.

Ga abin da nake so. Ban ce ka kashe shi ba, ni ba na son a ƙara kawo kowa a kan ƙyaure. Ka kore shi. Ka miƙa shi ga hukuma ko ka bar titi ya ci shi, amma kada ya ƙara kwana ƙarƙashin rufin da kake riƙo. Hadi jininka ne ta wajen Inna Sabuwa, ba sai na tuna maka ba. In ƙa'idar ƙungiyarku ta fi wannan, ka faɗa mini in sani.

Talatu

*

Agege
20 ga Afrilu, 1975

Talatu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hadi, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki haƙuri. Ina gaida yara. Jikina yana nan yadda kika sani. Na aika wa Hadi saƙon albasa yana cikin ƙasa. Wannan zai daɗe bai bar ni ba.

Ina gama karanta takardarki na tafi rumfar goro. Na tarar da Sanda yana jera ganye a kwando. Na kira shi bayan rumfa na tambaye shi ko ya san Hadi na Surko. Ya dube ni, ya zauna a ƙasa. Na gaya masa abin da ke tsakanina da Hadi. Ya ce wallahi bai sani ba, da ya sani da ya kwana a tasha. Na ce ba wannan na tambaye shi ba, sara nawa ya yi?

Ya ce, “Na farko na sani, Malam. Na biyun ban san sanda na yi ba.”

Ni ma ban san sanda na kama wuyansa ba. Na danna shi da bango na shaƙe har idanunsa suka fito, yawu na zuba a kan hannuna, shi kuwa hannuwansa a sake, bai ko taɓa ni ba. Ban san abin da ya sa na sake shi ba, sai dai na ga hannun dama ne, wanda na ci tuwo da shi. Na kai ƙarar kaina wurin Alhaji Ɗan'azumi. Aka ci ni tarar itacen girki na mako guda, na biya, don mai riƙon gida in ya karya ƙa'ida aka yi shiru, gobe kowa ma sai ya karya.

Dattawa sun zauna a kan maganar. Na faɗa musu abin da kika ce ban rage ba. Alhaji ya ce in dubi gidan da kyau: rabi mutanen Birnin Kudu, rabi mutanen Gwaram, kuma ba wanda ya zo Ikko don daɗi. Akwai wanda ya gudo wa haraji, akwai wanda ya gudo wa abin da ya fi haka. In aka fitar da mutum ɗaya don abin da ya bari a gida, kafin sati kowa zai tono na maƙwabcinsa, mu koma kamar kaji a kasuwa, kowa ya zo ya ɗauki wadda ya ga dama. Na so in ce ya faɗi haka ne don Sanda mutuminsu ne. Amma na san shi, bara ya faɗi irin haka a kan wani namu, ɗan Kangire, da mutanen Gwaram ke nema.

Ga abin da aka yanke. Ba za a kore shi ba, ba kuma za a ɓoye shi ba. Sanda ya yarda ya koma. Ƙarshen watan gobe motar goro za ta tashi, dattawa biyu za su raka shi har Birnin Kudu su miƙa shi ga hukuma, ɗaya daga nasu, ɗaya ni. Shi da bakinsa ya ce gara haka, ya gaji da ganin Hadi a cikin randa.

Kada ki zaci da daɗi nake zuba masa abinci. Na hana shi ɗebo mini ruwa. In ya gaishe ni ba na amsawa. Amma yana ci, kuma yana kwana, har ranar da zan kawo shi.

Ki gaya wa Nuru ya jira, wata ɗaya ne. In kuma ya ƙi ya taho, ɗan gida ne, ƙofa a buɗe take gare shi kamar kowa. Zai jefa wuƙa, zai ci, sannan mu yi magana.

Abdulsalami

*

Surko
28 ga Afrilu, 1975

Abdulsalami,

Ina gaishe ka, da fatan lafiya ce ta hana ka amsa. Mu lafiya, sai ƙaramar da ke fama da ido.

Kusan wata guda ba ko layi ɗaya daga gare ka. Nan har an fara cewa mutanen Gwaram sun saye ka da goro. Ni ban ce haka ba, amma na rasa abin da zan ce musu. Duk ranar kasuwa Nuru yana zuwa gidan waya a Birnin Kudu ya dawo hannu biyu. Jiya ya sayar da bijiminsa ya hau mota zuwa Kano, daga can jirgi. Na tare shi a zaure na ce ya dubi ƴaƴansa, ya dubi marayun da aka bar masa. Ya ce su yake dubawa, ba ya son su girma ana nuna musu wanda ya kashe ubansu yana yawo da sabuwar riga.

Ka saurare ni da kyau. Matarsa Barira ta zo mini da kuka ta faɗa mini abin da ya ce mata. Ya ce shi ba maci amana ba ne, ba zai karya ƙa'idar kowa ba. Wuƙa zai ba ka da hannunsa. Amma ya ce amana a cikin akushi take, wanda bai ci ba ba ta hau kansa ba. Ban san dabarar da zai yi ba, na dai san Nuru, in ya shirya abu fuskarsa sai ta yi laushi.

Kada ka bar shi ya wuce bakin ƙofa sai loma ta wuce maƙogwaronsa kana gani. Ko me ya ce maka, kada ka yarda. In ya ci, na san shi, ba zai iya ba.

Na so a kori mutumin nan, har yanzu ina so. Amma gidan nan ba zai iya rasa namiji na biyu ba.

Allah ya sa wannan ta riga shi isa.

Talatu

*

Agege
18 ga Mayu, 1975

Talatu,

Ina gaishe ki da yara da Barira. Ina fata idon ƙaramar ya washe. Wani ne yake rubuta mini wannan, hannuna na dama yana ɗaure. Haƙarƙari biyu ma sun karye, amma likita ya ce za su haɗu.

Takardarki ba ta riga shi ba. Ta same ni a gadon asibiti, an riga an binne Sanda. Tawa ma da na ce ya jira, ina jin ta isa Surko yana cikin jirgi.

Ran Alhamis da hantsi ya sauka. Da ƙyar na gane shi saboda suma. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka yi wa juna ta'aziyya, muka yi kuka. Kafin in buɗe baki ya zare wuƙarsa ya jefa a garwa, har da ƴar askar da ke aljihunsa. Na kawo akushi. Sai ya ce in yi haƙuri, azumi yake, tun rasuwar Hadi bai bar Litinin da Alhamis ba, ladan na yayansa ne. Talatu, me zan ce? Wa zai ce da mai azumi ya karya don tuwo? Na ce Allah ya karɓa, na rufe akushin, na ce da magariba sai ya sha ruwa da mu. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe Allah ya sanyaya masa zuciya. Na gaya masa abin da dattawa suka yanke. Ya gyaɗa kai ya ce madalla.

Duk da haka na aika rumfar goro a ce da Sanda kada ya dawo sai bayan magariba. Saƙon ya kai. Amma wanda na aika ya ƙara masa da cewa ƙanin mamacin ya zo lafiya lau, har ya jefa wuƙa a garwa. A gidan nan ba a taɓa jefa wuƙa ba a ci ba, tare suke tafiya kamar alwala da salla. Sanda ya ɗauka an gama. Abokan aikinsa sun ce ya wanke hannu ya ce ba zai ɓuya wa mutumin da ya ci da su ba, zai je ya durƙusa masa, in zagi ne ya sha.

Bayan la'asar ya shigo. Ina bayan gida ina hura wuta. Na ji muryarsa yana sallama, na taso da gudu, kin kuwa san bayana. Da na zagayo, Sanda yana durƙushe a tsakar gida, hularsa a hannu, kansa a ƙasa. Nuru yana tsaye a kansa da gatarin da muke faskare da shi. Na ƙwala masa kira. Ya sauke shi a ƙeya. Sanda ya kife, ƙafafunsa na shure-shure, jini ya tsartu har jikin randa. Ya ɗaga ya ƙara na biyu. Sannan ya ajiye gatarin a hankali ya juyo gare ni.

Ya ce, “Ban ci ba, Yaya. Kai ne shaida ban ci ba.”

Mutanen Gwaram uku ne a rumfar gidan a lokacin. Ɗaya ya hankaɗe garwar, wuƙaƙe suka watse a ƙasa, kowa ya wawuri wadda ta zo hannunsa. Nuru bai gudu ba, bai kuma kare kansa ba. Na ture shi ya faɗi na kwanta a kansa. Wuƙar da aka kawo masa ita ta tsaga mini hannu daga tafi zuwa gwiwa, sauran kuma ƙafa ce da taɓarya. Mutanen da na yi wa jinya, na nema wa aiki, su ne suka tattake ni, kuma ban ga laifinsu ba, ɗan'uwansu ne kwance kansa a rabe. Kafin a jima labari ya kai tasha da kwata, namu suka taho, nasu suka taho, faɗa ya fita titi. An yanke wa wani ɗan Kangire kunne, an huda cikin wani tsoho ɗan Gwaram da bai san ma abin da ake yi ba, yana nan kusa da gadona, ba a san ko zai tashi ba. Alhaji Ɗan'azumi ya shiga tsakani da rawaninsa a hannu yana roƙo, aka fasa masa baki da dutse, ba a san na wane ɓangare ba ne. Sai da ƴan sanda suka harba hayaƙi aka watse.

Sun zo asibiti sun tambaye ni, na faɗi abin da na gani. Na faɗi cewa Sanda ya kashe Hadi, na faɗi cewa a durƙushe yake ba makami da Nuru ya sare shi. Namu sun aiko wai in ce shi ya fara kai hannu. Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa a gaban alƙali ba. Ki gaya wa Barira haka, ta tsine mini in ta ga dama. Nuru ma bai nemi in yi ƙarya ba. Abu ɗaya yake ta nanatawa, shi bai ci amana ba. Wataƙila da gaskiyarsa. Alhaji dai ya ce da ya san haka ake karanta ƙa'idar da bai ɓata shekarunsa a kanta ba.

Tsohuwar ta sa kwaɗo a gidan ta ce ba ta ƙara ba Bahaushe haya. Ƙungiya ta rabu, nasu suna taro a masallacin kwata, namu a bayan tasha. Jiya an ce mutum biyu sun sauka daga jirgi suna tambayar gidan baƙi, aka nuna musu ƙarƙashin gada.

Ba zan zo ƙarshen wata ba, ba wanda zan rako. Zan zauna har a yi shari'a, don sai an sami mai kai wa Nuru abinci a gidan yari, kuma a garin nan ni kaɗai ne zan kai. Kada ki sa rai da aike bana. Na sa an kwaso mini abin da ya rage kafin a rufe gidan, ga shi: naira ashirin da bakwai, riga biyu, bargo, buta, da tabarma. Sai Nuru, da ransa.

Abdulsalami